Garkuwar Karari da Amanar Nabame

Ya ku jama'a masu sauraro, na Augie da Argungu da Birnin Kebbi, da na garuruwan da ke jere a bakin gulbi, da waɗanda muryarmu ta ƙetare ta iske su a Arewa da Zabarma da Dandi. 

A daren nan ina so mu zanta a kan wani fanni na adabin mutanen Yunan na dā, wato ƙasar da yau ake kira Girka, fannin da su suke kira tirajidiya, ni kuwa zan kira shi wasan alhini, domin wasan kwaikwayo ne da ake tsara shi don mai kallo ya ga babban mutum ya faɗi, ya ji tausayinsa, kana ya ji wa kansa tsoro. Na sani wani dattijo da ya jingina da bangon zaure, rediyonsa a kunne, zai ce me ya haɗa Bakabe da labarun waɗansu masu bautar gumaka da suka shuɗe tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Tambayarka a kan hanya take, Baba, kuma amsarta ce za ta cinye mana lokacin shirin nan duka. Amma tun yanzu ina gaya maka cewa ranar da na fara karanta waɗannan wasanni, sunayen da ke cikinsu baƙi ne a kunnena, alhali kuwa mutanen na san su, domin na sha jin labarin irinsu a bakin tsofaffin garin nan.

A birnin Atina, cikin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai wani biki da akan yi kowace shekara bayan wucewar sanyi domin wani abin bautarsu da suke kira Diyonisus, kuma a cikin bikin ne hukumar birni takan zaɓi mawaƙa uku, kowannensu ya kawo wasan alhini uku da wani na huɗu na raha, a yi su a fili a gindin dutsen da ke tsakiyar birnin, dubban mutane suna zaune bisa gangare suna kallo, daga bisani alƙalai su fitar da gwani. Maza kaɗai ke wasa, fuskokinsu a rufe, masu magana ba su wuce uku, sai kuma wata ƙungiya ta mutum 12, wadda daga baya aka mai da ita 15, aikinta shi ne rera waƙa da jimami da faɗin abin da talakan gari yake gani game da abin da manya suke aikatawa. Mu da muka tashi muna jin makaɗan fada ba mu bukatar dogon bayani a nan, 'yan amshi ke nan. Mawaƙa uku ne ayyukansu suka tsira daga hannun zamani: Iskilus, wanda wasanni 7 ke ɗauke da sunansa, da Sofokilis, wanda aka ce ya rubuta fiye da 120 amma 7 kaɗai suka iso gare mu cikakku, da Yurifidis, wanda abin da ya rage nasa ya fi na sauran biyun a haɗe.

Malaman Musulunci na dā sun ji ƙamshin wannan fanni ta hanyar Aristo, wanda ya wallafa littafi a kan ilmin shi'iri, ya warware a cikinsa yadda ake gina wasan alhini. Abu Bishr Matta bin Yunus, malamin manɗiƙi a Bagadaza, wanda ya rasu a shekarar 940, shi ya mai da littafin Larabci daga Suryananci, kuma da ya iso kan kalmar tirajidiya, da yake mutanen zamaninsa ba su san dandalin wasan kwaikwayo ba, sai ya fassara ta da madahu, wato yabo, kishiyarta ta barkwanci kuwa ya kira ta hija'i, wato zambo. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya bi wannan sahu a sharhinsa, yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa. Masana na baya sun ƙirga wannan a kuskure, kuma ta fuskar lugga kuskure ne. Amma duk lokacin da na juya maganar a zuciyata nakan ga cewa malamin Bagadaza ya taɓa wani gefe na gaskiya ba da saninsa ba, gama wasan alhini yabo ne da ake yi wa mutum a ranar da kirarinsa ya kasa cetonsa. Makaɗinmu yakan yabi sarki ranar da ya ci gari, Bayunane kuwa yakan jira ranar da aka ci sarkin, sa'an nan ya ɗora shi a mizani.

Mafi shahara a cikin wasannin shi ne na Odifus, sarkin Tibas, wanda Sofokilis ya tsara. Bokayen wani ɗakin tsafi sun gaya wa mahaifinsa cewa ɗan da zai haifa shi ne ajalinsa, aka yar da jaririn a kan dutse, makiyayi ya ji tausayinsa, yaron ya girma a gidan sarkin Korinti yana zaton nan ne gidansu. Da shi ma aka gaya masa cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya guje wa Korinti don kada ya aikata, kuma a hanyar gudun nan ne, a wata mararraba, ya yi faɗa da wani dattijo ya kashe shi, ya isa Tibas, ya kuɓutar da ita daga wata dodanniya, aka ba shi sarauta tare da matar sarkin da ya mutu. Wasan bai soma ba sai bayan shekaru, sa'ad da annoba ta sauka wa garin, shi kuma ya rantse sai ya binciko wanda ya kashe tsohon sarki. Makahon boka ya roƙe shi ya bar maganar, matarsa ta roƙe shi, tsohon makiyayi ya roƙe shi, ya ƙi ji, ya yi ta tono har ya tono kansa, sa'an nan ya tsiyaye idanunsa da hannunsa.

Wajibi ne in dakata a nan, domin kada wani ɗalibi ya tashi da zaton cewa ƙaddarar Yunanawa ita ce tamu. Abin da suke kira rabo wani ƙarfi ne makaho kuma kurma, allolin da suka ƙirƙira wa kansu kuwa masu hassada ne da gaba da juna, sukan rusa mutum domin huce haushi a kan kakansa. Mu kuwa imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne cikin rukunan imani shida, tushenta ilmi da irada na Ubangiji Mai hikima wanda ba Ya zaluntar kowa, kuma malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda a kan littattafansu makarantun zaurenmu suka ginu, sun karantar da cewa bawa yana da kasbu, wato rabonsa na nufi da himma a cikin aikinsa, wanda a kansa ake yi masa hisabi. Ku tuna da Sayyidina Umar sa'ad da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa da cewa daga wata ƙaddarar Allah ake gudu zuwa wata. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, kuma a cikin annobar nan ya cika. Babu wanda zai ce ɗayansu ya kauce, wanda ya juya da wanda ya zauna. To, duk da wannan bambanci mai nisa a aƙida, akwai wata mas'ala guda da Bayunane ya tsaya a kanta wadda mu ma ba ta bar mu ba: tsakanin sa'ar da mutum ya hango abin da ke tafe masa da sa'ar da abin ya iso, me zai yi da kansa, ina zai ajiye hannuwansa, wa zai tsayawa?

Mu dawo gida. Tarihin Kabi ya soma da irin raunin da ya halaka wani jarumin Yunan mai suna Ayas, wanda bayan mutuwar jarumi Akilis a yaƙin Tarwada manyan runduna suka hana shi sulken marigayin suka ba Odisiyus, ya ga an tauye masa haƙƙi, hankalinsa ya gushe, ya karkashe dabbobin ganima yana zaton shugabannin ne, da ya farfaɗo ya ga abin kunyar da ya yi sai ya faɗa kan takobinsa. Abdurrahman as-Sa'di, a cikin Tarikhus Sudan, ya ba da labarin cewa Kanta, kakan sarakunan Kabi, ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka komo aka sami saɓani a kan rabon ganima, daga nan ya ɓalle daga Songhai, wajen shekarar 1516. Rauni ɗaya ne, na jarumin da aka yi amfani da ƙarfinsa aka manta da shi ranar rabo. Sai dai Ayas ya juya takobin ga kansa, Muhammadu Kanta kuwa ya gina birnin Surame. Rundunonin Songhai sun zo sun koma, ta Borno ta zo ta koma, har ya bi ta gabas ya yi galaba a kanta, kana a hanyarsa ta komowa gida, a Dugul cikin ƙasar Katsina, kibiya ta same shi, ya cika a Jirwa, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame. Wanda ya adana mana wannan ƙarshen labari shi ne Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo gare shi.

Bayan kusan shekara 300, a 1805, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fice, jama'ar Shehu suka naɗa Usmanu Masa, wanda bai daɗe ba ya juya musu baya a lokacin yaƙin Alwasa, yaƙin da jama'ar suka yi asarar mutane masu yawa a cikinsa. Kabawan da suka ƙi mubaya'a suka tattara a garuruwan nan namu na bakin fadama, Augie da Argungu da Kimba, inda ruwa da laka suke zame wa mai doki shinge rabin shekara. Fodi ya yi ta fafutika har aka kashe shi a 1826, sarauta ta koma ga Sama'ila wanda aka fi sani da Karari, kuma shi ne mutum na farko da nake so mu tsaya mu kalla.

A shekarar 1831 Sakkwato da Gwandu suka haɗa ƙarfi suka fito domin su gama da maganar Kabi gaba ɗaya. Garuruwan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ruwaya kuma ta ce da wuta ta soma cin gidaje, mutanen Argungu, musamman mata, suka matsa a buɗe ƙofa don kada a ƙone su da 'ya'yansu. Karari ya fice ya yi yamma, aka bi shi, aka ritsa shi. Abin da masu tarihi suka ruwaito, kuma tsofaffinmu suke faɗa da murya ƙasa-ƙasa, shi ne da ya tabbata babu sauran mafita, sai ya umurci ɗansa Yakubu ya tsere da ransa domin kada zuriyar ta yanke, shi kuwa ya sauko daga kan doki, ya shimfiɗa garkuwarsa a ƙasa, ya zauna a kanta zaman mai salla, ya jira masu binsa har suka iso suka kashe shi.

Ku dubi wannan zama da kyau, jama'a, domin akwai ma'ana a kowace gaɓa tasa. Garkuwa abin tare mashi ce, ana ɗaga ta tsakanin mutum da ajalinsa. Ranar da mai ita ya kwantar da ita ƙasa ya mai da ita buzu, ya shaida ke nan cewa lokacin tarewa ya wuce, sauran lokacin miƙa lamari ga Mai shi. Bai ci gaba da sukuwa ba har a harbe shi ta baya kamar gada, bai miƙa wuya a ɗaure shi a zaga da shi kasuwa ba, bai kuma kashe kansa ba kamar Ayas, gama addininsa ya haramta masa wannan ƙofa. Kafin ya zauna kuwa ya yi abin da Sayyidina Umar ya yi, ya kori ɗansa daga wannan ƙaddara zuwa wata, sa'an nan ya yi abin da Abu Ubaida ya yi, ya zauna a inda yake. Jarumin Yunan idan ya iso wannan gaɓa yakan cika dandali da kuka da tuhumar sama, kuma a cikin kukan nan Sofokilis ya zuba mafi kyawun baitocinsa. Namu ya yi shiru. Ina ganin da mawaƙin Atina ya ji wannan labari, da ya sha wahala wajen rubuta shi, domin dukan fasaharsa a kan harshen jarumi take, a nan kuwa sai ya bar wa 'yan amshi maganar duka.

Amma wasan alhini na haƙiƙa, irin wanda ke hana mai tunani barci, yana ga ɗan da aka ce ya gudu. Yakubu Nabame ya ɓuya a cikin Arawa na wani lokaci, daga bisani ya faɗa hannun waɗanda suka kashe mahaifinsa, kuma alhali akwai masu ganin a gama da shi a huta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar shi da rai, aka tsare shi a ƙasar Sakkwato tsarewar mutunci. Bello ya rasu a 1837, Atiku ya yi zamaninsa, Aliyu Babba ya hau a 1842, Yakubu yana nan, yana cin abincinsu, yana bin sahun sallarsu, yana hawa tare da su idan an fita yaƙi. Masu tarihi sun ruwaito cewa a wani karo da Gobirawa ya ceci ran Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda daga baya shi ma ya zama Sarkin Musulmi, kuma saboda wannan alheri ne Aliyu ya sallame shi ya koma ƙasar iyayensa. A 1849 ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, yammacin daular Sakkwato ya kama da wuta, har matafiyin nan Bajamushe, Barth, da ya ratsa Gwandu a 1853, ya tarar hanyoyin yamma cike da haɗari. A Gwandun nan kuwa Barth ya sami kofin Tarikhus Sudan, littafin da ke ɗauke da labarin ɓallewar Kanta, a daidai lokacin da jikan Kanta yake maimaita ta a bayan gari.

To, me za mu kira abin da Nabame ya yi? Sofokilis yana da wasa mai suna Antigoni. 'Ya'yan Odifus maza biyu sun kashe juna a ƙofar Tibas, ɗaya yana kare garin, ɗaya ya kawo masa yaƙi, sabon sarki Kiriyon ya yi doka cewa wanda ya kawo yaƙin kada a binne shi, a bar wa karnuka da tsuntsaye. 'Yar'uwarsu Antigoni ta fita ta zuba wa gawar ƙasa, ta kuma amsa laifinta a gaban sarki, tana mai cewa akwai haƙƙin da ya girmi dokarsa. Aka rufe ta a kogo da rai, ta rataye kanta, ɗan sarkin da zai aure ta ya bi ta, uwarsa ta bi shi, Kiriyon ya wayi gari da sarauta babu iyali. Mai karatun gaggawa yakan ce ai Kiriyon azzalumi ne, magana ta ƙare. Amma mawaƙin bai bar shi babu hujja ba, domin garin da ya fito daga yaƙin basasa jiya, idan ya daidaita mai kare shi da mai ƙona shi, gobe wa zai tsaya a ganuwa? Abin da ya sa wasan bai tsufa ba shi ne haƙƙi biyu ne suka yi karo, kowanne na gaske, kuma babu hanyar sauke ɗaya sai an take ɗayan.

Haka Nabame ya wayi gari da bashi biyu a wuyansa. Akwai amanar gidan da ya sami iko a kan ransa ya yafe, ya ciyar da shi shekaru fiye da goma sha biyar, ya sake shi bisa yarda. Wanda duk ya tashi a kan tarbiyyar Musulunci ya san nauyin alkawari, ya san abin da aka faɗa game da mai warware shi, ya kuma san cewa Bahaushe ba ya raina gishirin da ya ci. Akwai kuma haƙƙin uban da ya zauna a kan garkuwa domin shi ya tsira, wanda bai sallame shi don ya je ya tsufa a zauren wani ba, da haƙƙin jama'ar da take kallonsa a matsayin abin da ya rage na gidan Kanta. Idan ya zauna lafiya ya tozarta mutuwar mahaifinsa, idan ya tashi ya saka alheri da yaƙi. A Sakkwato da Gwandu sunan abin da ya yi cin amana ne, a Argungu sunansa dawo da gida, kuma na zauna da dattawa na ɓangarorin biyu na ji kowanne yana faɗin nasa da zuciya ɗaya, ba tare da ƙarya ba.

Ni Bakabe ne, a bakin gulbin nan aka yanke mini cibiya, ba zan ɓoye muku inda zuciyata ta karkata ba, gama da Nabame bai tashi ba, da yau babu masarautar Argungu, da sunan Kabi ya zama labarin kangon Surame kaɗai. Amma harshena ba zai iya cewa Aliyu Babba ya yi wauta da ya sake shi ba. Ya yi abin da ɗan halak yake yi wa wanda ya ceci ɗansa, kuma da ya ci gaba da tsare shi bayan wannan, da mu ne za mu fara kiransa butulu. Bello ya yi afuwa, Aliyu ya yi godiya, Yakubu ya yi biyayya ga mahaifi, halaye uku waɗanda kowane malami yake horon almajirinsa da su, kuma daga haɗuwarsu ne aka sami yaƙin da ya ci rayuka har tsawon rabin ƙarni. Wannan shi ne abin da Aristo yake nufi da ya ce jarumin wasan alhini bai kamata ya zama mugu ba, domin faɗuwar mugu ba ta sa tausayi, ba ta kuma sa kowa ya ji wa kansa tsoro.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon zance, jini ne yake kiran jini. Nabame ya faɗi a fagen fama a 1854, magajinsa Yusufu Mainasara ya mutu a hannun Gwandu a 1859, a shekarar da ta biyo Kabawa suka kashe Sarkin Gwandu Haliru. Iskilus yana da wasanni uku a jere, waɗanda aka fara nunawa a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan gidan Agamemnon, inda uba ya yanka 'yarsa, mata ta kashe mijin, ɗa ya kashe uwar, ba a sami tsayawa ba sai da aka kafa majalisar shari'a a Atina aka karɓe ƙisasi daga hannun dangi aka ba alƙalai. Mu ma mun sami irin wannan numfashi a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wajen 1867, sulhun da har yau ake kira Lafiyar Toga, wanda ya kai kimanin shekara takwas kafin ya warware. Sarki Sama'ila, wanda ya hau a 1883, ya kai wutar har cikin ƙasar Gwandu da Sakkwato, ya kuma kore rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga Argungu a 1892. Da Turawan Ingila suka iso, ƙaddara ta juya ta nuna wa ɗaya gidan tasa ranar: Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, ya cika a Burmi a watan Yuli tare da jama'a masu yawa da suka ƙi barinsa. Bakaben da ya ji nauyin zaman Karari a zuciyarsa ba shi da uzurin ƙin jin nauyin Burmi. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka Argungu baƙo, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da wasan kamun kifi, masunta suka faɗa ruwa da homa da gora, kuma daga nan bikin da duniya take zuwa kallo a gulbin Matan Fada ya samo asali.

Na ce ku riƙe maganar Bello da Kanta. Mafi tsufan wasan alhini da ya tsira shi ne na Iskilus mai suna Farisawa, wanda aka nuna a shekarar 472 kafin haihuwar Annabi Isa, shekara 8 kacal bayan da Yunanawa suka karya jiragen Farisa a Salamis. Mawaƙin soja ne, ya yi yaƙin Maraton da Farisawa, ɗan'uwansa ma a can ya mutu. Duk da haka da ya tashi ba mutanensa labarin nasararsu, sai ya kafa dandalin a fadar abokan gaba, ya sa dattawan Farisa su zama 'yan amshi, ya sa uwar sarkinsu tana jiran manzo, ya zaunar da Atinawa suna sauraron kukan waɗanda suka kashe wa 'ya'ya. Muhammadu Bello ya yi wani abu makusancin wannan sa'ad da ya rubuta girman Kanta alhali yana cikin yaƙi da jikokinsa. Mu na baya ne muka ƙuntata, kowane gari ya riƙe kirarinsa, yaron Augie ya tashi da rabin labari, yaron Gwandu ya tashi da ɗaya rabin.

Shi ya sa nake kira ga malaman makarantunmu da matasan da Allah Ya ba baiwar rubutu, a Argungu da Birnin Kebbi da Sakkwato, waninsu ya zauna ya rubuta mana wasan Nabame da Hausa, ya je gidan tarihi na Kanta ya ga makamai da tambura da kaburburan sarakuna, ya karanta Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ya ji yadda ɗaya ɓangaren ya ɗanɗani Alwasa, ya kuma ba Aliyu Babba magana mai nauyi daidai da ta Yakubu. Da ni ne mai rubutawa, matan Argungu da suka nemi a buɗe ƙofa su zan sa 'yan amshi, domin su ne suka binne matattun kowane zamani, ba a kuwa taɓa tambayarsu ba. Zan kuma buɗe wasan da safiyar sallama, Sarkin Musulmi a zaune, Umaru a tsaye a gefensa da ran da aka ceto masa, Yakubu a durƙushe yana godiya, dokinsa ɗaure a ƙofar fada an juya kansa yamma.